Yadda ake tara tsoffin sulalla masu hoton dabbobi a Saudiyya

Tambayar ta ƙi ƙarewa. 'Yan'uwa daga Makka, Jidda, Madina har da Riyad suna ta aiko da hotunan tsoffin sulalla, wannan da mujiya, wancan da raƙumi ko zaki, kowa kuma abu uku yake son ji: na gaske ne, nawa zai yi, ta ina kuma mutum zai fara in yana son tara irinsu. Maimakon a yi ta amsawa ɗaya bayan ɗaya, ga hanyar gaba ɗayanta a jere. A bi jerin yadda yake, domin yawancin waɗanda suka tafka asara da saye suka fara, alhali saye shi ne mataki na biyar.

1. Doka tukuna

Ƙasar nan tana da dokar kayan tarihi da gidajen tarihi wadda aka fitar a 2014, kuma Hukumar Kayan Gado, wato Hai'atut Turas da aka kafa a 2020 ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu, ita ke sa ido a kanta. Abin da ya shafe ka a taƙaice: abin da ya kai shekara 100 yana iya shiga sahun kayan tarihi, abin da ke binne a ƙasa na hukuma ne, ko da a filinka ka tsince shi, tono ba izini laifi ne, cinikin kayan tarihi sai da lasisi, wanda yake riƙe da su kuma ana so ya yi musu rajista. Hukumar tana bibiyar tallace-tallacen intanet, takan kuma sanar da waɗanda ta kama suna tallar kayan tarihi ba lasisi.

Saboda haka kafin ka kashe ko riyal ɗaya, ka shiga shafin hukumar ka karanta sharuɗɗan mallaka da na shigowa da kaya daga waje, ka kuma rubuta musu tambaya in wani abu ya shige maka duhu. Ka adana amsarsu.

Gargaɗi: in wani ya zo maka da sulalla a ƙulle cikin tsumma yana raɗa cewa daga wajen Al-Ula ko Najran ko Saj aka tono su, ka ba shi haƙuri ka wuce. In na gaske ne, kayan laifi ne. In jabu ne, ka yi asara. Wanda ke zaune da igama ya fi kowa sanin abin da ƙaramar magana da hukuma ke jawowa. Haka ma kayan da suka tsallako daga Yaman ko Siriya ko Iraƙi ba takarda. Ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 2199 na 2015 ya hana cinikin kayan tarihin da aka fitar daga Siriya ba bisa ƙa'ida ba tun Maris 2011, da na Iraƙi tun Agusta 1990.

2. Zaɓi abin da za ka tara

Dabbobin da ke kan tsoffin kuɗi ba su ƙirguwa, aljihu kuwa yana ƙirguwa. Ka tsayar da iyaka ɗaya: ko dabba guda a dauloli daban-daban, ko daula guda da dabbobinta. Ga waɗanda mai farawa zai fi cin karo da su. Farashin da na sa kimantawa ce ta abin da ake gani a wajen dillalan ƙasashen waje, yana hawa yana sauka gwargwadon kyan tsabar.

Na masu ƙaramin ƙarfi su ne kwabban tagulla na Rumawa. Akwai wanda aka fara bugawa a 330 Miladiyya, zamanin Sarki Kustantin: gabansa an rubuta VRBS ROMA, bayansa kyarkeciya ce tana shayar da jarirai biyu, da taurari biyu a samanta. An buga shi da yawan gaske a garuruwa da dama, har da Iskandariyya da Antakiya, don haka da riyal 80 zuwa 200 za ka samu mai kyau. Sai na Sarki Galiyenus, wanda ya yi mulki daga 253 zuwa 268. A ƙarshen mulkinsa ya fitar da jerin sulalla masu barewa, gada, akuya, damisa da doki mai fiffike. Wannan jeri shi na fi ba mai farawa shawara a kai, domin kowace tsaba da dabbarta, kuɗinsu bai fi na waccan ba, kuma mai jabu ba ya cika ɓata lokacinsa a kansu.

Na Masar zamanin sarakunan Baɗalamusa, tagulla ce mai kauri da gaggafa a tsaye. Manyansu sukan kai giram 70, su cika tafin hannu. Za ka ga ɗan rami a tsakiyar kowace fuska, kada ka ɗauka lahani ne, wajen ƙera su aka yi shi.

Wanda yake son na daulolin Musulunci, akwai dirhamin Sarki Zahir Baibaras na Mamalik, 1260 zuwa 1277, da zakinsa yana tafiya a ƙarƙashin rubutu. Akwai kuma dirhamin Kaikhusrau na Biyu na Saljuƙawan Rum, mai zaki da rana, wanda aka buga a Konya da Siwas daga 638 zuwa 641 Hijiriyya. Na Baibaras yakan kama daga riyal 150 zuwa 400, na zaki da rana ya ɗara haka.

Raƙumi shi ne abin da mutanenmu suka fi tambaya. Fitacce a ciki dinariyus ne na azurfa da Rumawa suka buga a shekara ta 58 kafin Miladiyya, inda aka zana Sarki Harisa na Nabaɗawa a durƙushe kusa da raƙumi, da REX ARETAS a ƙasa. Nabaɗawan nan su ne masu Mada'in Salih. Sarki Tarajan ma ya sa raƙumi a kuɗinsa bayan ya haɗe ƙasarsu da daularsa a 106.

Manya kuma su ne mujiyar Atina, wato kuɗin birnin Atina na ƙasar Girka mai hoton mujiya, azurfa mai nauyin giram 17.2, wadda masarautun kudancin Larabawa irin su Saba'a suka kwaikwaya; giwar Yuliyus Kaisar ta shekarar 49 zuwa 48 kafin Miladiyya; da kififiyar tsibirin Ajina. Waɗannan maganar dubban riyal ake yi, kuma su ne aka fi yi wa jabu. Ka bar su sai idonka ya nuna.

Gargaɗi: riyal Faransi, liyarin nan da kakanninmu suka sani, mai hoton Sarauniya Mariya Tereza da gaggafa mai kai biyu, kusan kowanne 1780 ne a jikinsa. Shekarar rasuwarta ce, aka daskarar da ita, aka ci gaba da buga shi da wannan shekara a ƙasashe da dama har zuwa zamaninmu. Azurfa ce ta gaske mai nauyin giram 28, amma yawanci kuɗinsa bai wuce kuɗin azurfarsa da ɗan ɗori ba. Kusan duk hoto uku da aka aiko min, sai an samu shi a ciki, mai shi yana zaton ya tsinci dami a kala.

Masu tambaya a kan hukuncin ajiye abu mai hoton mai rai, wannan fagen malamai ne, a kai musu. Abin da tarihi ya tabbatar dai shi ne, dinarin Rumawa da dirhamin Farisa masu hotuna su ake kashewa a Makka da Madina har zuwa lokacin da Abdulmalik ɗan Marwan ya fitar da dinari mai rubutu zalla a 77 Hijiriyya.

3. Kayan aiki

Duka-duka ba za su wuce riyal 200 ba. Ƙaramin sikelin lantarki irin na masu zinariya, wanda ke nuna lamba biyu bayan ɗigo, wato 0.01 na giram. Na kicin ba zai yi ba. Ma'aunin faɗi na milimita, gara na roba don kada ya karce tsabar. Madubin ido na maƙeran zinariya mai ƙara girma sau 10. Ɗan maganaɗisu mai ƙarfi. Fitilar tebur da za ka iya karkatarwa. Tsumma mai laushi da za ka shimfiɗa, domin tsohuwar azurfa takan yi gautsi, in ta faɗi a kan tayil sai ta rabe biyu. Sai littafin rubutu.

Ka gwada sikelin da wani abu da ka san nauyinsa kafin ka yarda da shi, ka kuma kashe fanka ko ka kauce wa iskar na'urar sanyaya ɗaki lokacin awo, tana kaɗa lambar.

4. Horar da ido

Ka yi wata ɗaya kana kallo ba ka saye. In kana Riyad, ka je Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Murabba ka tsaya a gaban kuɗaɗen da aka baje, ka lura da yadda gefensu ba ya zama da'ira cikakkiya, da yadda hoto ke zamewa gefe guda. A intanet kuma, OCRE na da kuɗin sarakunan Rum da hotuna da nauyi, Wildwinds na da na Girkawa da Rumawa, Zeno kuma shi ne rumbun kuɗin Musulunci da na Gabas. A acsearch da CoinArchives za ka ga abin da ya wuce ta gwanjo. Irin da kake so, ka kalli guda 50 ko fiye, ka rubuta nauyin kowanne. Kafin ka gama za ka san iyakar nauyinsa ta sama da ta ƙasa ba tare da kowa ya faɗa maka ba.

5. Saye

Ka tantance mai sayarwa kafin ka sayi tsaba. Abu huɗu za ka nema a wajensa: nauyi da faɗi a rubuce, hoton fuska biyu na ainihin tsabar da zai ba ka, fatura mai sunansa, da alkawarin karɓar kayansa ya mayar da kuɗi duk ranar da aka gano jabu ne, ba iyakar kwanaki. A nan gida, ka ƙara da tambayar lasisinsa. Wanda ya ɓata rai don ka tambayi lasisi ya riga ya ba ka amsa.

Sai asalin tsabar, wato hannayen da ta bi. Mafi daraja ita ce wadda ke da shaidar tana cikin wani tari ko ta wuce ta gwanjo kafin 1970, shekarar yarjejeniyar UNESCO kan fataucin kayan tarihi. Ƙananan kwabbai ba kasafai suke da irin wannan shaida ba, amma ko tsohuwar takardar dillali da ta zo da su kada ka yar.

A waje, VCoins da MA-Shops kasuwanni ne na dillalai masu farashi tsayayye, biddr da NumisBids kuma suna tattaro gwanjon kamfanoni. Kada ka yi oda sai ka gama da mataki na ɗaya, ka tabbatar kuma dillalin yana aikowa Saudiyya da takardar fitarwa in ƙasarsa na buƙata.

Lissafin gwanjo shi ke kayar da mutane. A ce an buga maka tsaba a riyal 400. Kamfanin zai ɗora la'adarsa, wadda yawanci ke kusan kashi 20 cikin 100, ta zama 480. A ce kuɗin aikowa 100, ta zama 580. In aka ɗora harajin kashi 15 a kwastam, ka doshi 667, ban da abin da banki zai yanka wajen canji. Dala dai tana nan a riyal 3.75, amma Yuro da Fam suna motsi. Dabarar ita ce ka fara daga jimlar da za ka iya biya ka yo lissafi baya, ka rubuta adadin a takarda, in an wuce shi ka naɗe hannu. Wata za ta fito. Haɗa tsaba uku ko huɗu a aike ɗaya yana rage nauyin kuɗin aikowa.

Kasuwannin tsoffin kaya, irin Suƙuz Zal a Riyad da lungunan Balad a Jidda, wuraren yawo ne masu daɗi, ka je da madubinka da sikelinka. Sai dai a duk kasuwar tsoffin kaya a duniya, tire ɗaya yakan haɗa na gaske da na kwaikwayo, wani lokaci shi kansa mai shagon bai san bambancin ba.

Gargaɗi: ka guji tallar WhatsApp da TikTok mai cewa an samu a tulu ko gadon kaka ne, da mai hanzarta ka wai wani Balarabe na jira. Mujiyar Atina a riyal 150 ba arha ba ce, jabu ce. In kuma tsabar zinariya ce ko azurfa, ka tambayi malaminka batun sharaɗin hannu da hannu kafin ka biya ta intanet.

6. Gwaji idan ta iso hannu

A nan ake daɗewa. Ka yi gwajin nan a ranar da ta iso, tun kafin ka yar da ambulan.

Fara da awo. Mujiyar Atina da ta sha hannu tana iya sauka kaɗan ƙasa da giram 17, amma in ka ga giram 14 ko 15, akwai magana. Dinariyus na zamanin Kaisar yana kusa da giram 3.9, dirhamin zaki da rana kusa da 3. Na Mamalik kuwa ba a kama su da sikeli, domin da awo ake karɓarsu a zamaninsu, nauyinsu ya sha bamban. Bayan awo ka kusanto da maganaɗisu. Zinariya, azurfa da tagulla ba sa kama shi, in ta manne ka gama. Rashin mannewa kuwa ba ya wanke ta, dalma ma ba ta mannewa.

Yanzu ka ɗauki madubi, ka riƙe tsabar ta gefe tsakanin babban yatsa da manuni, ka juya ta a hankali a ƙarƙashin fitila. Tsoffin kuɗin nan bugu aka yi musu: a ɗora guntun ƙarfe tsakanin hatimi biyu a maka guduma. Mai jabu kuma galibi zubi yake yi, ya narka ƙarfe ya zuba a mazubi mai ɓari biyu. Zubi yana barin sawu. Za ka ga siririn layi ya zagaye gefen inda ɓarin biyu suka haɗu, ko kuwa sawun zarto inda aka goge layin. A kan fuskar za ka ga ƙananan ramuka zagayayyu na kumfar iska, ko ƙuraje a cikin lungun haruffa. Haruffan da gashin dabbar sukan yi laushi kamar sabulun da aka fara wanka da shi, ko'ina daidai wa daida. Na gaske kuwa wurare masu tudu ne ke cinyewa, kamar kumatun sarki da kafaɗar zaki, lunguna su zauna da kaifinsu. Tsagewar gefe a tsabar bugu tana shiga ciki da kaifi, a ta zubi a cike take.

Sai neman tagwaye. Da hannu aka buga su, saboda haka ba a samun tsaba biyu da suka yi daidai a siffar gefe, tsaga da zamewar hoto. In ka ga mai sayarwa da guda biyu iri ɗaya sak, ko ka ga taka a rumbun hotunan jabu na Forum Ancient Coins, uwa ɗaya ta haife su.

Abu biyu kada su tsorata ka. Sara mai zurfi a jikin mujiya, 'yan kasuwar wancan zamani ne suka yi shi da kurfi don su ga ko azurfa ce har ciki. Yana rage kuɗi, ba ya nuna jabu. Akwai kuma jabun da aka yi tun a wancan zamani, tagulla a ciki azurfa a waje, shi ma ana tara shi, amma a farashinsa.

Gargaɗi: kada ka jefa ta a ƙasa don jin ƙararta, kada ka karce ta, kada ka bari mai shagon zinariya ya ɗiga mata ruwan gwaji ko ya goga ta a dutse. Ka lura kuma da jan yashin da ake shafa wa tagulla da gam don hoto ya fito ko a rufe gyara. Auduga mai ɗan danshi takan ɗebo shi. Akwatin roba na kamfanin NGC, mai duba sulalla ya rufe su a ciki, shaida ce mai kyau cewa masana sun duba, amma kamfanin da kansa ba ya ba da lamunin ingancin tsoffin kuɗi irin waɗannan.

7. Wanki

Kada ka wanke. Koren nan mai santsi ko ruwan ƙasa da ke jikin tagulla, da duhun da ke jikin azurfa, su ne rabin kuɗin tsabar. Tsamiya, lemon tsami, toka, man goge baki, soson ƙarfe da ruwan wanke zinariya duk suna kashe ta cikin minti ɗaya, ba kuma gyara. In ƙasa ce zalla ta toshe hoto, ka jiƙa ta kwana biyu ko uku a tataccen ruwa na kantin magani, ka taɓa ƙasar da tsinken sakace na itace, ka busar da ita sarai. Ruwan famfo yana da sinadarin kulorin, ka nisance shi. Man zaitun da wasu ke jiƙawa a ciki yana duhunta tagulla.

8. Ajiya

Maƙiyin tagulla danshi ne da gishiri, mutanen Jidda, Yanbu da Dammam sai su ninka kula. Kowace tsaba da gidanta: ƙaramar ambulan takarda marar asid, ko aljihun roba mai tauri da aka rubuta ba shi da PVC. Roba mai laushi mai wari tana zubar da wani kore mai danƙo a kan ƙarfe, zafin ƙasar nan kuma yana gaggauta shi. Ka zuba su a akwati mai rufuwa ruf tare da ƙunshin silika, irin wanda ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, ka riƙa canzawa. Ban da kicin, ban da mota, ban da kusa da turaren wuta.

Duk wata ka buɗe ka duba. In ka ga kore mai haske, mai laushi kamar gari, yana tasowa daga wani rami kuma yana bin tsinke, wannan ciwon tagulla ne, yana cin ƙarfen har ya huda shi. Ka ware ta daga sauran nan take, ka kakkaɓe garin da tsinke, ka jiƙa ta a tataccen ruwa kana canza shi kullum na makonni, ka busar sosai, ka sa mata ido. In ya dawo, ko tsabar mai tsada ce, sai a nemi masanin gyaran kayan tarihi.

9. Rubutu, zakka da tafiya

Kowace tsaba ka ba ta lamba, ka rubuta daula, sarki, shekara, garin bugu, ƙarfe, nauyi, faɗi, wanda ka saya a wajensa, rana da jimlar abin da ka biya. Ka ɗauki hoton fuska biyu da na gefe, ka haɗa da fatura, kwafi ɗaya a waya ɗaya a takarda. Da wannan za ka je rajista, da shi za ka sayar ta hannun mai lasisi, da shi kuma magada za su san ba tarkacen ƙarfe ba ne.

Nisabin azurfa giram 595 ne, na zinariya 85. Mujiyar Atina 35 ta kai nisabi, kuma ana haɗa lissafin da sauran kuɗin da mutum ya mallaka, don haka ka riƙe jimlar nauyin azurfarka a shafin ƙarshe na littafin, ka kai wa malami tare da bayanin ko don ajiya ka saya ko don kasuwanci.

Idan tafiya gida ta taso, kada ka cusa su a jaka, kada kuma ka ba alhaji ko hajiya saƙonsu zuwa Kano ko Damagaram. Na'urar filin jirgi tana ganin tsaba sarai, wanda aka samu da su shi zai amsa tambaya. Fitar da kayan tarihi sai da izinin hukumar, ko da daga waje ka sayo su, don haka ka nemi izinin da faturarka da takardar shigowa tun kafin ka yanki tikiti.